Wutsiyar Zakara a Sharamansur

Bayan Isha'i ne, zafi bai sauka ba,
duwatsun Makka na amayar da ranar da suka haɗiya.
Ina bayan kanta a Sharamansur,
hannuna kan injin markaɗe,
sai ga tsoho da sabon aski,
carbi a wuya, takalmi a leda.
Ya ji Hausa a bakina, ya tsaya cak.

"Yaro, me ke kashe ƙishi a nan?"
Na ce, "Baba, a haɗa maka koktel?"

Carbin ya kusa tsinkewa.
"A'uzu billahi! Nan, kusa da Ɗakin Allah?"
Alhaji Nomau ne, mutumin Talatar Mafara.
Shekara tara yana ɗaukar faranti
a wani otal na bakin teku a Ikko,
ya san abin ciki da bai:
kofi mai siririn ƙugu, 'yar lema a bakinsa,
wanda ya sha uku sai ya kira maigadi surukinsa.
"Saboda shi na bar aikin," in ji shi,
"yau ga shi ya riga ni sauke farali."

Na ja masa kujera, na ce ya sa ido.
Mangwaron Jizan, ayaba biyu,
gwaiba, madara, zuma cokali guda,
rumman ɗin Ɗa'if a sama kamar murjani.
Ya leƙa ƙarƙashin kanta, ya shinshina murfi,
bai samu abin yi wa tsaki ba.

"Wani kuku ɗan Kalaba ya taɓa gaya mini,
wai da Turanci wutsiyar zakara ke nan.
Ina zakaran? Ina wutsiyar?"
Na ce, ni ma jita-jita na tsinta:
an ce doki ne mai guntulallen bindi,
wanda jininsa ya gauraya;
an ce ƙoƙon cin ƙwai ne na Faransawa
harshen baƙo ya murɗe masa wuya;
an ce da gashin zakara ake dama shi.
Ba wanda ya ci sunan, Baba,
balle ya faɗi wanda ya yanka ragon.

Ita dai kalma ba ta neman biza.
Ta hau jirgin ruwa, ta kwana a mashaya,
ta shiga asibiti ta zama haɗin magani,
a hannun mai tarzoma ta zama kwalbar fetur.
Da ta iso miƙati sai ta tuɓe,
ta yi wanka, ta ɗaura fari.

Ban gaya masa sauran ba.
Kakata Tabawa ta baro Haɗeja a ƙafa,
shekara goma sha ɗaya tana tafe,
ta tsinci auduga a Jazira don kuɗin jirgi,
ta haifi ubana a Mai Wurno,
ta goyo shi har Sawakin.
Uwata Babarbariya ce.
Da Larabci nake mafarki,
in na ƙone a yatsa Hausa ke fita.
Nan Takari nake,
can, inda ban taɓa takawa ba, an ce ɗan Makka ne.
In ana neman doki mai guntun bindi,
ga shi yana wanke kofuna.

Ya yi bisimilla sau biyu, ya kurɓa.
Shiru.
Kumfa ta maƙale a furfurar gemunsa,
ya ɗaga kofin saitin fitila yana dubawa.
"Ashe kalma ma tana tuba."

Ya kwance riyal daga bakin rawani,
ya ce a ƙara ɗaya, a rufe da kyau,
Hajiya na masauki, ƙafa ta kumbura.
Har ya kai ƙofa ya waiwayo:
"Amma ba zan faɗa mata sunan ba.
Zan ce kunun Larabawa ne."

Washegari mutum bakwai suka zo daga masaukinsu,
kowa na tambayar kunun Larabawa.